Wa ya taɓa gwada maganaɗisu a gwajin karya rini da hasken rana?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum 'yan uwa. Aikina na digiri na biyu kan garin ZnO ne (sinadarin zinc oxide) wanda na sirka da ɗan ƙarfe, ina karya shuɗin methilin, wani rini mai launin shuɗi da na narka a ruwa, da shi a rana. Da na jingina maganaɗisu jikin kwalbar, sai launin ya fi saurin gushewa. Kafin in kai wa malamina, akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Malama daga Daura: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin yana da tushe. Haske ke tayar da ilektiron a cikin garin ya bar gurbi, su biyun ke karya rinin, in suka sake haɗuwa aiki ya tashi banza, kuma masu bincike na ganin maganaɗisu na rage wannan haɗuwar. To amma da me kake motsa ruwan? Ni na ɓata makonni ina kwatanta kwalba mai maganaɗisu da marar shi, da garin TiO2 (titanium dioxide) maimakon ZnO, ashe na'urar motsawar da ke ƙarƙashin duka biyun maganaɗisu ne ke juyawa a cikinta. Ranar da na gane, dariya kawai na yi. Na koma motsawa da kumfar iska, bambancin ya ragu sosai, amma bai ɓace ba.

Na Ƙofar Marusa: Nawa akasin haka ne. Akwai Fe3O4, sinadarin ƙarfe da maganaɗisu ke ja, a garin da nake gwaji da shi, maganaɗisun ya janye shi ya dunƙule gefe guda, haske bai ratsa shi, aikin ya rage sauri. Amfaninsa ɗaya, kwashe garin bayan gwaji ba wuya. Kuma kar ka yarda da ido. Ka bar haɗin minti 30 a duhu tukuna, don garin na shan rini ko ba haske, sannan ka auna launin da na'ura a 664 nm, tsawon zangon hasken da rinin ya fi sha.

Ɗalibar fiziks: Yaya, a rana ɗaya ka yi gwaji mai maganaɗisu da marar shi? Ni hazon hunturu ya ruɗe ni, sakamakon Disamba daban, na Afrilu daban. ZnO hasken UV (ultraviolet, wanda ido ba ya gani) ya fi ci, shi kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Jera su gefe da gefe, lokaci guda.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Malama kin kama ni, wallahi kan na'urar motsawa nake yi, kuma ranaku daban-daban. Gobe zan sake da kwalba uku, ɗaya ba gari ko kaɗan. Famfon iskar, irin na tankin kifi kika yi amfani da shi?