1 ga Oktoba: ban da samun 'yancin kai, me kuma ya faru a wannan rana?

Malamar_Aji6: Assalamu alaikum. Ana haɗa wa ɗalibai jerin abubuwan da suka faru ranar 1 ga Oktoba, don karantawa a taron makaranta. 'Yancin kan Najeriya kowa ya sani. Me kuma za a saka, har da waɗanda aka haifa ko suka rasu? Kuma ina ake yawan yin kuskure?

Baban_Sadiq: Wa'alaikumus salam, Malama. Fara da gyara na gida, don a nan aka fi tafka kuskure. Ranar 1 ga Oktoba 1960 Najeriya ta samu 'yanci, amma ba ta zama jamhuriya ba. An yi bikin a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, Gimbiya Alexandra ta wakilci Sarauniyar Ingila, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma shi ne Firayim Minista. Yara da yawa za su rubuta miki cewa Azikiwe ya zama shugaban ƙasa a ranar. Ba haka ba ne. Gwamna Janar a ranar Bature ne, Sir James Robertson. Zik ya gaje shi a Nuwamba 1960, bai kuma zama shugaban ƙasa ba sai 1 ga Oktoba 1963, lokacin da aka koma jamhuriya.

Saura uku na gida. A 1979 Janar Obasanjo ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari; miƙa mulki ranar 29 ga Mayu sai a 1999 aka fara. A 1996 Janar Abacha ya ƙirƙiro jihohi 6, suka cika 36: Zamfara daga Sakkwato, Gombe daga Bauchi, Nasarawa daga Filato, sai Ebonyi, Ekiti da Bayelsa. Kada a cusa Katsina ko Jigawa a nan, Katsina ta Satumba 1987 ce, Jigawa ta Agusta 1991. A 2010 kuma bama-bamai suka tashi kusa da Dandalin Eagle a Abuja ana tsakiyar bikin cika shekara 50.

Ɗan_Mubi: Yallaɓai ya bar ɗaya da ya shafe mu. Ranar 1 ga Oktoba 1961 Kudancin Kamaru da ke hannun Ingila ya haɗe da Jamhuriyar Kamaru. Asalinsa ƙuri'ar raba gardama ce ta Fabrairu 1961: kudu suka zaɓi Kamaru, arewa suka zaɓi Najeriya. To amma ranakun sun bambanta. Yankin arewa, wato su Mubi da Gwoza, tun 1 ga Yuni 1961 ya shigo Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Masu haɗa jeri sukan game su rana ɗaya.

Hajiya_Tarihi: Na waje kuma, Malama, ki ɗauki waɗanda yara za su iya kamawa. 1949, Mao Zedong ya ayyana kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a Dandalin Tiananmen. 1908, kamfanin Ford ya fito da motar Model T. 1958, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fara aiki. 1964, Japan ta buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya tsakanin Tokyo da Osaka, kwana 9 kafin wasannin Olympics.

Haihuwa: Jimmy Carter, shugaban Amurka na 39, a 1924. Shi ya fi dacewa a tsaya a kansa, don ya kawo ziyara Legas a 1978, daga baya kuma cibiyarsa ta yi aikin kawar da kurkunu tare da Janar Gowon. Ya rasu Disamba 2024 yana da shekara 100. Sai George Weah a 1966, wanda ya ci Ballon d'Or a 1995 kafin ya shugabanci Laberiya, da Theresa May, tsohuwar Firayim Ministar Birtaniya, a 1956.

Rasuwa: Louis Leakey, mai tonon ƙasusuwan mutanen zamanin da a kwarin Olduvai na Tanzaniya, ya rasu 1972. Jane Goodall, wadda shi ne ya tura ta nazarin birai a 1960, ita ma ranar 1 ga Oktoba ta rasu, a 2025. Dajin da ta yi aiki sunansa Gombe, amma na Tanzaniya ne, a bakin tafkin Tanganyika. Ki faɗa wa yara tun da wuri, in ba haka ba wani zai miƙe ya ce a Dukku ta zauna.

Baban_Sadiq: Hajiya ta tuna mini da matsalar kwanan wata ita kanta. Abu uku ke jawo saɓani.

Na farko bambancin agogo. Damben Muhammad Ali da Joe Frazier na uku an yi shi a Filifin da safiyar 1 ga Oktoba 1975, amma a Amurka lokacin daren 30 ga Satumba ne, shi ya sa za ki ga ranakun biyu. A bi ranar wurin da abin ya faru.

Na biyu, ranar biki ba lallai ita ce ranar aukuwa ba. Cyprus na bikin 'yancinta 1 ga Oktoba, alhali 16 ga Agusta 1960 ta same shi. Haka shari'ar Nuremberg, wadda aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu: 1 ga Oktoba 1946 aka yanke wa mutum 12 hukuncin kisa, amma ratayewar sai 16 ga wata.

Na uku kalanda. Duk abin da ya faru kafin Oktoba 1582 da tsohon lissafi aka rubuta shi, don a shekarar aka tsallake kwana 10, daga 4 ga wata aka faɗa 15. Ingila ba ta bi ba sai 1752, Rasha sai 1918. Shawarata, jerin 'yan firamare ya tsaya daga 1900 zuwa yau.

Ɗan_Mubi: In za a sa ranar Hijira, 1 ga Oktoba 1960 ta faɗo cikin Rabi'us Sani 1380. A rubuta wata da shekara kawai, domin manhajojin sauya kwanan wata kan saɓa da ganin wata da kwana ɗaya ko biyu.

Malamar_Aji6: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki goma, biyar na gida biyar na waje. Cyprus dai na cire ta.