Yaya zan gyara wa dattijo hotonsa ba tare da ransa ya ɓaci ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka daɗe a harkar ɗaukar hoto.

Muna da 'yar ƙungiya a nan Rano, muna ɗaukar hoton gonaki, duwatsu da ruwa da wayar hannu don sha'awa. Duk wanda ya kawo nasa, sai a ce "Masha Allah, ya yi kyau", shi ke nan. Abin yana damuna, domin ba ma ci gaba.

Akwai wani dattijo a cikinmu, sa'an mahaifina, Baba muke ce masa, kuma ya fi kowa himma. Yakan hau babur har madatsar ruwa ta Tiga, amma da tsakar rana yake ɗauka. Sai sama ta fito fari fat, hazon hunturu ya shafe abin da ke nesa, bakin ruwan kuma ya karkace kamar dam ɗin zai zube gefe guda. Na san maganin: ya je da sassafe ko bayan la'asar, ya kunna layukan da ke raba allon kyamara gida tara don ya daidaita ruwan, ya taɓa sama a allon ya rage haske, ya sa kwalekwalen masunta a gaba. Amma bakina ya yi nauyi. Wani yaro ya taɓa gyara masa a bainar jama'a, Baba ya ɗauke ƙafa har damina ta wuce.

In same shi a gida mu kaɗai ne, ko mu sa ƙa'ida kowa ya faɗi abin yabo da abin gyara a kowane hoto, har da nawa? Wanda ya taɓa gwada haka, don Allah yaya aka kaya?