Wai sun ga hotona a Facebook

Mai Jinya: Jama'a ku taya ni jin zalunci. Wata takwas ina fama da ciwon baya tun da mota ta buge ni, yau kamfanin inshora ya ce zai zaftare min diyya, wai sun ga hotona a Facebook na ɗaga ɗana sama ina dariya. Ɗagawar minti ɗaya ce fa, kwana uku na yi a kwance bayanta. Leƙen asiri suka yi min, Allah ya isa!

Maman Biyu: Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Amma ina asiri a abin da ka baza wa duniya da hannunka?

Abokin Tafiya: Hajiya, wanda ya bi shafin mutum yana neman abin da zai kayar da shi, me sunan aikinsa?

Maman Biyu: Sunansa bincike. Aikin lauyoyinsu ke nan.

Abokin Tafiya: Bincike na ƴan sanda ne. Wannan sa ido ne.

Dattijo: Sa ido daban, leƙen asiri daban. Yaran yanzu ba ku san Hausa ba.

Mai Jinya: Bari kawai in goge hotunan in huta.

Ɗalibar Shari'a: Yaya, kar ka kuskura! Gogewa bayan an fara shari'a ɓatar da hujja ne. A 2011 wata kotu a jihar Virginia ta Amurka ta ci tarar lauya dala 542,000, wanda yake wakilta kuma dala 180,000, saboda an goge hotuna 16 daga Facebook. Ko ka kulle shafin, alƙali na iya umartar a miƙa abin da ya shafi raunin. Ka daina sa sabo, ka kira lauyanka.

Abokin Tafiya: Mu aka zo yi wa karatu? Ke da ko gama makaranta ba ki yi ba.

Maman Biyu: Kai da ka gama, wace shawara ka kawo? Ba kai ka ɗauki hoton ba ma?

Abokin Tafiya: Wannan ƙazafi ne, ki janye.

Dattijo: Ƙazafi ma ba nan ne muhallinsa ba.

Abokin Tafiya: To, in taƙaita: kowa ya yarda an zalunci abokina, kuma leƙen asiri ne ƙarara. Mutum biyu ne suka tsaya wa kamfanin, su suka san dalilinsu.

Mai Jinya: Hoton dai in goge ne ko in bari?