Wai ƙarin kuɗin ruwan CBN ɗin nan, mu da ba ma cin bashin banki ina ruwanmu?

Ɗan_Kwari:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masana ku fitar da ni daga duhu. Ina da shago a Kantin Kwari, shadda da atamfa nake sayarwa, kuma tunda nake ban taɓa cin bashin banki ba, mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya ja mana kunne a kan riba tun muna yara. To duk bayan wata biyu sai in ji a rediyo wai kwamitin Babban Bankin Najeriya (CBN) ya zauna a Abuja, a 2024 kam duk zaman da suka yi sai da suka ƙara kuɗin ruwa, daga kashi 18.75 har aka dire a 27.5, wai don a karya tsadar kaya. Ni kuwa a shekarar kullum na kira wanda nake sari a wajensa sai ya ce "Alhaji kuɗin jiya fa ba shi ne na yau ba." To me ya haɗa kifi da kaska?

Abban_Khalifa:
Wa alaikumussalam Alhaji. Na yi aikin banki shekaru kafin in bari, bari in ɗan faɗi abin da na sani. Kai ba ka ci bashi ba, amma wanda ya shigo da kwantenar da ka yi sari a ciki fa? Da yawansu da kuɗin banki suke juyawa, in CBN ta sa nata 27.5 da wuya banki ya ba shi a ƙasa da haka, sai ma ya haura 30, shi kuma ba daga aljihunsa zai biya ba, a kan kowace dila zai raba, kai ka ɗora wa mai siyan yadi biyar. Ka ga ka biya ruwan ba tare da ka sa hannu a takarda ba.

Su 'yan CBN lissafinsu shi ne kuɗi sun yi yawa a gari, musamman bayan bashin da gwamnati ta dinga ci a wajen CBN ɗin kanta har naira tiriliyan 22.7, to in bashi ya yi tsada mutane za su rage ci, masu kuɗi kuma, har da na ƙasashen waje, za su kawo dala su sayi takardun lamunin gwamnati saboda ribar ta yi tsoka, naira ta samu ta numfasa. Ta ƙofar dala abin ya fi shigo maka shago. Inda nake da ja kawai, kuɗin ruwa ba ya korar ɗan bindiga daga gona, ba ya rage kuɗin man da motar kasuwar hatsi ta Dawanau za ta sha.

Na_Wapa:
Abban Khalifa ka gama magana, amma ka manta abu ɗaya, baki. Wlh a Wapa, kasuwar 'yan canji, kafin a aiwatar da komai maganar ma kaɗai ta isa. Ranar da gwamnan banki zai yi wa 'yan jarida bayani za ka ga kowa ya ƙura wa waya ido, mai dala ya ƙi saki, mai naira ya ƙi saye, ana ta "tsaya mu ji tukunna". Da sanarwa ta fito, kafin la'asar farashi ya motsa. Ku tuna Maris ɗin 2024 da aka soke lasisin 'yan canji sama da 4,000 a sanarwa guda. Wanda ya iya karanta takardar da kansa ya riga ya gyara zama, wanda ke jiran a fassara masa a majalisa bayan isha'i shi ake sayar wa da tsada.

Maman_Ilham:
Hmm ni dai 'yan uwa ba ni da ilimin nan, adashi nake riƙe wa matan layinmu. Lokacin canjin kuɗi, aka ce 31 ga Janairun 2023 tsohon kuɗi ya mutu, aka dawo aka ce 10 ga Fabrairu, Kotun Ƙoli kuma a Maris ta ce a ci gaba da karɓa. Wata ta kawo min zubinta da tsofaffin dubu-dubu a ƙulle a bakin zani, mai ɗauka ta rantse ba za ta taɓa ba, ni ce a tsakiya kamar zan yi kuka, kowacce da abin da ta ji a WhatsApp. Sannan yanzu a ce hauhawar farashi ta sauka, ni a tukunyata ban gani ba.

Abban_Khalifa:
Hajiya ba za ki gani ba ai. In an ce ta sauka ba wai kaya sun yi araha ba ne, motar ce ta rage gudu amma gaba take yi. Kuma faɗowar nan daga kashi 34.8 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025, hukumar ƙididdiga ce ta sauya ma'aunin lissafinta, ba farashin kwanon shinkafa ne ya karye a wata ɗaya ba. Bayanin nan minti biyu ne da Hausa, amma takardar bayan taron kwamitin shafi-shafi ce da Turancin da ko mu sai mun karanta sau biyu. Alhali a jikin naira ma an rubuta "Naira Dubu" da ajami, wato an san da mu.

Ɗan_Kwari:
Allah ya saka da alheri Malam, yau na gane inda aka ɗaure akuyar. Amma na ji a Satumbar 2025 sun rage zuwa 27, rabin kashi kacal, wannan zai iso Kwari kuwa ko a hanya zai ƙare? Na_Wapa kai kuma dan Allah ranar zama na gaba ka ɗan taɓo ni kafin in tura wa mutumina kuɗin kaya.