Muhawara: Shin a cikin maza ma akwai juya?

Hauwa, Garwa: Shekara tara dangin mijina suna kirana juya, sai da muka tara kuɗi muka je Duwala, a Kamaru, neman dashen ciki, likita ya auna mu duka biyu ya ce matsalar daga maniyyin maigidan take. Ina so maza su sani cewa a cikinsu ma akwai juya, su daina gudun gwaji.

Malam Sale, Marwa: Ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri, amma juya a bakin Bahaushe mace ce, ko saniya, kuma jingina ta ga namiji cin mutunci ne.

Hajiya Binta, Garwa: Malam, tunda ka san har saniya ake kira da ita, me ya sa ba ta zama cin mutunci ba sai yau da ta taɓa namiji?

Malam Sale: Hajiya, ni harshe nake gyarawa. Ku mutanen Garwa Fulatanci ya cinye muku Hausa.

Hajiya Binta: Ashe a Marwa ba a jin Fulatanci!

Alhaji Isa, Kuseri: Ni abin da ban gamsu da shi ba shi ne ɗan kwalba, wato jaririn da ake samu ta dashen ciki, domin ban san yadda mutum zai tabbatar jininsa ne ba.

Zainabu, Ngawundare: Baba Alhaji, jariri ba ya girma a kwalba. Ƙwan matar da maniyyin mijin ake haɗawa a ɗakin gwaji, bayan kwana uku zuwa biyar a mayar cikin mahaifarta, ta yi goyon ciki kamar kowace mace. Louise Brown, wadda aka fara haifa ta wannan hanya a Ingila a 1978, ita ma ta haihu, kuma tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Jadul Haƙ, ya halatta aikin matuƙar tsakanin ma'aurata ne kuma auren yana nan.

Alhaji Isa: 'Yata, ban ce haramun ne ba. Amma wa ya ba ki izinin gyara wa dattijo magana?

Hauwa: Har yanzu babu namijin da ya ce zai je gwaji.

Shugaban zaure: Abin da na fahimta shi ne Malam Sale ya yi gaskiya, juya ba kalmar maza ba ce, kuma ya kamata mata su iya bakinsu. Batun gwaji a bar wa kowane magidanci da iyalinsa. An rufe.