Mai mota yana waya ya kwashe ni a kan mashin, ya ake gane irinsu tun daga nesa?

Abban Husna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe suna hawa mashin a cikin garin Gombe ina neman shawara. Ni ba ɗan acaɓa ba ne, ma'aikaci ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine 'yar motata na sayi Boxer, da ita nake sauke yara a makaranta in wuce wajen aiki, daga Tumfure nake gangarowa kullum.

Talatar makon jiya wajen takwas saura kwata, Allah ya rufa asiri na riga na sauke yaran, ina kan hannuna ba gudu nake ba, kawai wata Corolla ta fito daga gidan mai ta hau titi kamar na gidansu. Na taka birki tayar baya ta ja, kafin in ce me bamba ta same ni a ƙafar dama, na zube mashin ya danne ni, salansa ta ƙone min ƙwauri har yanzu wando ba ya sawuwa sai zani nake ɗaurawa a gida. Amma ba ciwon ne ya tsaya min a rai ba. Mutumin ya fito wayar tana hannunsa bai ma kashe ba, tana a sifika, ina kwance a kwalta ina jin wani yana ta cewa "halo, halo, Alhaji kana ji na?" Shi kuma sai cewa yake wallahi ban gan ka ba, wallahi ban gan ka ba. Jama'a suka taru kowa a yi haƙuri tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ya kai ni an wanke ciwo ya biya kuɗin gyara, ban ce masa komai ba don ya girme ni.

Yanzu uwargida ta rantse yara ba za su ƙara hawa mashin ɗin nan ba, ni kuma kuɗin Keke Napep na yara biyu zuwa da dawowa kullum ba ƙaramin abu ba ne. Tambayata, akwai yadda mutum zai gane direban da hankalinsa ba ya kan titi tun kafin ya iso shi? Ko dai in haƙura da mashin ɗin?

Baba Mai Jincheng:

Wa alaikumussalam. Sannu ɗana, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ni a Kano na fara acaɓa, da aka hana a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero na tattaro na dawo gida, har yau ina kai, tsakanin Tashan Dukku da Pantami da Jekadafari babu ramin da ban sani ba. Abu na farko da zan faɗa maka, mutumin nan da ya ce bai gan ka ba, kar ka ɗauka ƙarya yake. Gaskiya ya faɗa. Mai mota idan zai shiga titi mota yake nema da ido, ko tirela, abin da zai iya yi masa illa. Kai da mashin siriri ne, ƙarfen nan na gefen gilashin gabansa ma kaɗai ya isa ya ɓoye ka gaba ɗaya, balle a ce rabin hankalinsa yana wajen cinikin da yake yi a waya. Har kallonka zai yi ido cikin ido kuma ya fito.

Shi ya sa ni na daina kallon fuskar direba, tayar gaba nake kallo. Fuska tana ruɗi, taya kuwa in ta fara juyawa ko kaɗan to fitowa zai yi, sai in saki totur in ɗora ƙafa a kan birki tun kafin. Duk bakin gidan mai, bakin layi, wurin da ake yin kwana a tsakiyar titi mai hannu biyu, haka nake yi ko da hanyata ce. Cewa "hanyata ce" ba ta taɓa ɗora wa kowa ƙashi ba.

In kuma a gabanka yake, mai danna waya ba ya ɓuya. Za ka ga motar tana lilo, ta ɗan ci hannun wani ta dawo, gudunta ba daidai ba, ya yi sanyi babu dalili sai kuma ya fizga. Ta gilashin baya za ka hango kai a sunkuye kamar mai gyangyaɗi. A danja a ba da hannu kowa ya tafi shi yana tsaye sai an yi masa hon. Da dare ma ya fi sauƙi, hasken wayar za ka gani a haɓarsa. Irin wannan kar ka jera da shi, ko ka bar shi ya yi nisa ko ka wuce shi da sarari sosai, kuma in ba ka ganin fuskarsa a madubinsa na gefe to shi ma ba ya ganinka. Wanda yake bayanka shi ne mugun, in ka tsaya a danja kar ka tsaya tsakiyar hannu kuma kar ka cire giya, ka ɗan karkata gefe idonka a madubi, ka riƙa taɓa birki fitilar baya tana ƙiftawa.

Sannan ka ce tayar baya ta ja, wato birkin ƙafa kaɗai ka taka. Mutanenmu suna tsoron birkin hannu wai yana kifar da mutum, alhali shi ne ya fi tsayar da mashin. Ka samu fili ranar Asabar ka koya wa hannunka matsa shi a hankali tare da na ƙafa, ba cafka ba. Wurin yashi ne kawai da cikin kwana za ka yi hattara da shi.

Malamin Lissafi:

Allah ya ba da lafiya Hamma. Bari in ƙara da lissafi a kan maganar Baba don mutane suna raina "ɗan duba saƙo". Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan ɗaya. Buɗe WhatsApp ka karanta layi ɗaya a ce sakan 3, mita 50 ke nan ka tuƙa ido a rufe, rabin filin ƙwallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari wajen ninki 4, kuma sa ta a sifika ko iyafis ba ya rage wani abin kirki tun da ba hannu kaɗai take ɗaukewa ba, hankali take ɗaukewa. Laifi ne a dokar 'yan Road Safety ma. Ni dai kalmar tsautsayin nan ce take ba ni haushi, wanda ya ga kira ya ɗauka yana shiga titi ganganci ya yi, a kira abu da sunansa.

Direban Kumo:

Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ni direban haya ne Gombe zuwa Kumo, ba zan kare mai Corolla ba don ni ma ina ɗaga waya, oga zai kira, mai saƙo zai kira yana jira a tasha, fasinja ma zai miƙo maka tasa wai ka yi wa ɗan uwansa kwatancen inda zai tsaya, Allah dai ya yafe mana. Amma ku ma masu mashin a faɗa muku gaskiya. Mutum nawa ne a garin nan suke cusa waya a cikin hula ta manne da kunne suna tuƙi suna hira? Yaran nan masu sabon mashin abu na farko da suke yi shi ne kwance madubi wai ƙauyanci ne, ga iyafis a kunne ka yi ta hon ba ya ji, ga obatekin ta dama daidai lokacin da zan sauke fasinja. Jiya bayan magariba wani ya fito min a hanyar Kumo babu fitilar baya sam, baƙar riga, da buhu biyu a baya, Allah ne kawai ya sa na ga ƙyallin rim. Da na taka shi cewa za a yi direba yana waya.

Baba Mai Jincheng:

Direba ba ka yi ƙarya ba, na madubin nan kam kullum sai na yi faɗa da yaran tasharmu. Sai dai in kai da shi kuka yi kuskure iri ɗaya kai bamba za ka canza, shi ƙafa.

Maman Khalil:

Hamma sannu da jiki. Ni nas ce, na yi shekaru a ɓangaren haɗari, don Allah ƙunar salansar nan kar a sa mata man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai yadda ake yi, a riƙa wankewa ana rufewa da bandeji mai tsabta, in ta fara ruwa ko wari ko zazzaɓi ya zo a koma asibiti.

Ban ga inda ka ambaci hular kwano ba, ina jin babu ko? Karaya ana ɗorawa ta warke, kai ne ba shi da gyara. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wanda zai faɗi ya bugu a kai ya tashi ya karkaɗe riga ya ce lafiyarsa lau, ya koma gida, da dare ya fara amai da ciwon kai da barcin da ba a gane ba, kafin a kawo shi jini ya taru a ciki. Duk wanda kansa ya bugu a sa masa ido sosai kwana ɗaya zuwa biyu. Kuma jama'a masu taimako a daina sungumar mutum a cusa a Keke wuya yana reto, a tallafe kai da wuya su zama a miƙe, lambar Road Safety 122 ce kuma kyauta ce.

Maganar yara kuwa ina bayan matarka, musamman wanda ake ɗorawa a kan tanki. In ka ci birki shi ne zai fara tafiya, kuma nauyinka gaba ɗaya a bayansa zai sauka.

Ɗan Bolari:

Adda hular kwano a zafin Gombe na watan Afrilu ai sai ƙwaƙwalwa ta dahu hhhh. Kun tuna 2009 da aka ce dole kowa ya sa, mutane suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna ɗaurewa da igiya? Fasinja kuma ya ce ba zai sa wadda wani ya cire ba kar a yi masa asiri.

Maman Khalil:

Ɗan Bolari ka zo ka yi mana dare ɗaya a wajen aiki ranar Sallah ko ranar da aka yi kai amarya, in ka fito sai mu yi maganar zafi. Kuma ba ta leburorin gini nake nufi ba, ta mashin mai soso a ciki, a ɗaure igiyar a haɓa, in ba a ɗaure ba tun kafin ka kai ƙasa ta yi nata wuri.

Abban Husna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba wallahi kamar kana wurin, fuskarsa na kalla, na ga ya juyo wajena na ɗauka ya gan ni shi ya sa ban rage ba. Birkin hannu kuma rabon da in taɓa shi tun mashin yana sabo, bakanike ma ya ce wayar birkin ta sake. Direba kai ma ka taɓa ni, madubina na hagu ya fashe tun azumi ban sa ba.

Adda babu hula gaskiya, kuma Husna ce take zama a tankin. Na nuna wa mamanta abin da kika rubuta yanzu ta samu abin faɗa, mun dai yi magana da wani maƙwabci mai Keke zai riƙa haɗa su da yaransa ana biyansa a wata. Ni zan ci gaba da hawa in ƙafa ta warke. Wa ya san inda ake samun hular mai kyau a cikin gari, wadda ba ta roba ba da ake bayarwa kyauta in ka sayi mashin? Tawa tun ranar farko yara suka mayar da ita wurin zuba gero na kaji.