Me ya sa tsakuwar da ta fi tsufa take can sama a kwarurukan kudancin Jamus?

Ɗalibar ilimin ƙasa:
Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa shimfiɗar da ke ƙasa ita ta riga zuwa. To yaya aka yi a kogunan da ke gangarowa daga tsaunukan Alps zuwa kogin Danub, tsakuwar zamanin ƙanƙara da ta fi tsufa take can sama? Kuma in an je wurin, da me ake bambance su?

Mai guduma:
Wa alaikumus salam, Malama. Ƙa'idar tana nan daram, amma a inda ake jibga sabo kan tsoho. A nan kuwa kogi ne ke cin gindinsa. In ƙanƙara ta sauko daga tsauni, ruwan narkewarta sai ya cika kwari da tsakuwa. Daga baya kogi ya haƙe ta ya nutsa, domin ƙasar yankin tana ɗagowa sannu a hankali, ya bar ragowar a gefe kamar dakali. Wani sanyin in ya zo, sai ya zuba tasa ƙasa da waccan. Da irin dakalan kewayen garin Memmingen ne masanin ƙasa Albrecht Penck ya kafa hujja, shi da Eduard Brückner suka fitar da jerin zamunan ƙanƙara huɗu tsakanin 1901 da 1909, daga mafi tsufa zuwa na ƙarshe: Günz, Mindel, Riss, Würm, duk sunayen ƙananan koguna. Inda ƙasa ke lotsawa, kamar Holan, tsohon yana ƙasa yadda kika koya.

Malamar taswira:
Kada ki dogara da tsayi kaɗai, ƙanwata. Dubi bangon ramin da ake ɗibar tsakuwa. Dakalin Würm tsakuwarsa garau take, ƙasar samansa ba ta cika kai mita ɗaya ba. Na Riss yana da lulluɓin lallausar ƙura da iska ta kawo a sanyin da ya biyo baya. Manyan biyun na sama, na Günz da Mindel, sau da yawa farar ƙasa ta ɗaure su sun zama kamar kankare, wasu duwatsun ciki kuma sun ruɓe har ki murƙushe su da yatsa. Sannan a bi dakalin a hau kogi, a ga da wane tudun tarkacen ƙanƙara ya haɗu. In ba a samu wannan mahaɗa ba, ni ban yarda a laƙaba masa suna ba.

Mai guduma:
Babban kuskure shi ne ƙirga dakali daga ƙasa a raba masa sunaye huɗu. Zaizaya na iya share ɗaya ɗungurungum, lissafi ya goce. Huɗun ma ba su isa ba, an ƙara Donau da Biber waɗanda suka riga su, kuma laka ta ƙarƙashin teku ta nuna sanyi ya zo ya koma fiye da haka nesa ba kusa ba cikin shekaru miliyan 2.58. Würm ya ƙare kimanin shekaru 11,700 da suka wuce. Awon tsufa da kabon 14 ba ya wuce wajen shekara 50,000, saboda haka ba zai kai ga Riss ba. A nan sai awon hasken da ƙwayar yashi ke fitarwa daga ƙarfin da ta tara tun da aka binne ta, shi ma samfurin a cikin bututun da ba ya shigar da haske ake ɗibarsa, don in rana ta taɓa yashin aikin ya lalace.